Devdas: Wa Ya Hana Shi Auren Paro?

Duk lokacin da aka ɗora guntun fim ɗin Indiya na Devdas a intanet, sai ka ji ana cewa talauci ne ya raba Devdas da Paro. Jama'a, ba talauci ba ne.

Wanda nake nufi fim ɗin Sanjay Leela Bhansali ne na 2002, da Shah Rukh Khan da Aishwarya Rai. Kafin shi Dilip Kumar ya fito a na 1955. Amma asalinsa littafi ne ɗan siriri, Sarat Chandra Chattopadhyay ya rubuta shi da harshen Bengali, ya fito a 1917. Ni da girmana na karanta shi, bayan na sha kallon fim ɗin, kuma ya taɓa ni fiye da duk waƙoƙin.

A littafin ba Landan Devdas ya tafi karatu ba kamar a fim ɗin, Kalkata ce. Paro da Chandramukhi, 'yar rawar da ta ƙaunaci Devdas a Kalkata, kuwa ba su taɓa haɗuwa ba, balle su yi rawa tare kamar a fim ɗin.

To, a nan za mu tsaya. Gidajen biyu maƙwabta ne, kuma dukansu Brahmin ne, ajin malaman addinin Hindu, wato asalinsu ɗaya. Gidan su Devdas masu filaye ne, sun fi dukiya, amma su Paro ma suna da rufin asiri. Abin da uwar Devdas ta ƙyamata shi ne, a gidan su Paro ana karɓar kuɗi daga dangin ango idan za a aurar da 'ya. A wurinmu wannan ba abin magana ba ne, wane aure ake ɗaurawa ba sadaki? Amma a wurin manyan gidajen Bengal na wancan zamani, uban amarya ne ke bayarwa, wanda ya karɓa kuwa ana yi masa kallon mai sayar da 'ya'yansa. Ga kuma ƙin surukuta da gidan da ke jikin katanga. Fim ɗin ya sauya dalilin, ya ce uwar Paro daga zuri'ar 'yan rawa ta fito. Shi ya sa mai kallo ke ruɗewa.

Duk da haka, ni ban sauke laifin a kan uwar kaɗai ba. Ku dubi nan: Paro ta taka cikin dare har ɗakinsa, ta sa mutuncinta a kasada. Shi kuma ya gudu Kalkata, ya aiko mata wasiƙa cewa ba sonta yake yi ba. Da ya dawo yana nadama ta ƙi shi, sai ya ɗauki sandar kamun kifi ya fasa mata goshi a bakin ruwa. Uban Paro, da zafin wulaƙancin da aka yi masa, ya riga ya ba da ita ga Bhuvan Choudhury, attajirin ƙauyen Hatipota wanda matarsa ta rasu ta bar masa manyan 'ya'ya.