Darasi: Gyaran Akwatin Giya na Ƙafafun Tsohon Bonanza

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, daga nan Maradi. Yau akwatin giya ne a kan tebur, wanda makanikanmu ke ce wa buwat, amma wannan ba ta mota ba ce. Ta jirgin sama Beechcraft Bonanza ce, mai wutsiya kamar harafin V, irin wanda aka fara fitarwa a Wichita ta Amurka a 1947. Ita ke naɗe ƙafafun tayoyinsa uku, ita ke sauke su. Jirgin yana bisa kirik, an cire baturi, an fidda kujerun gaba, wannan duk kun san shi, ba zan tsaya ba.

Ƙane, matso da kyamara nan. Abin cikinta kaɗan ne. Ga moter na lantarki, yana juya wannan sanda ta ƙarfe mai zare kamar na babban bulo. Zaren yana tura wannan pinyo na tagulla mai kama da rabin wata. A tsakiyar rabin watan akwai sanda a tsaye: hannunta na sama yana jan ƙafafun baya biyu, na ƙasa yana jan ta gaba. Manibel ɗin hannu kuma, da ke bayan kujerun gaba, a kan sandar zaren nan yake kamawa. Juyi wajen 50 zuwa hagu, ƙafafu sun sauka. Sauka kawai, ba a naɗe ƙafa da shi.

Kafin ka kwance komai, sa alama. Hannun sama, hannun ƙasa, da haƙoran sandar tsakiya, kowane ka ja mishi layi da fenti. Haƙori ɗaya ka kuskure wajen mayarwa, ƙafa ɗaya ta kulle, ɗaya ta tsaya a hanya. Ni na fi son fenti, ban son a sassaƙa ƙarfen jirgi da ƙusa.

To mu zubar da man a farar tasa. A'a, dakata, ba wannan ba, tana da ƙura, miƙo waccan. Ku duba yadda yake ƙyalli kamar an barbaɗa zinariya. Tagullar rabin wata ce ta goge, garinta ya zuba a ciki. Sa maganaɗisu: abin da ya manne ƙarfe ne, daga zare ko daga rulma yake. Tagulla ba ta mannewa. Tun ba ka buɗe ba, mai ya gaya maka rabin labari.

Mun raba murfi, mun wanke. Yanzu ga wurin da nake so ku buɗe ido. Haƙoran tsakiyar rabin watan lafiya lau, sumul. Amma ku dubi na ƙarshe, nan da nan, baki biyu. Sun kwanta, ɗaya ma ya tsage a gindi. Mutum ya ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne, duka ne. A cikin akwatin akwai matsayi inda rabin wata ba ya iya wucewa, kuma bai kamata moter ya kai shi can ba. Maɓallin iyaka ke yanke wuta tun da saura, birkin lantarki ya tsayar da moter nan take. In birkin ya mutu, ko maɓallin ya goce, moter ya ci gaba da gudu da ƙarfinsa ya buga matsayin, gam! Kullum aka tashi, kullum aka sauka, gam! Matuƙi yana jin ƙarar a ƙarƙashin kujera har ya saba, yana zaton ƙafa ce ta kulle.

Gwajin ba ya cin minti biyu. Akwati na cikin jirgi, wuta a haɗe, ka sauke ƙafafu da moter, ka ja maɓallin yanke wuta, ka fito da manibel, ka juya a hankali zuwa hagu. A tsoffin nan dole ka samu saura tsakanin 1/8 da 1/4 na juyi kafin ya tokare. In ka taɓa ka ji shi tsaye kyam, babu ko motsi, to an riga an buga. Na sake faɗi: 1/8 zuwa 1/4. Na baya-bayan nan awonsu daban ne, sai ka buɗe littafin lambar jirginka. Ka sa sabon pinyo ba ka gyara wannan ba, kuɗinka ka zuba rijiya.

Rabin watan nan ya tafi, ba a yi mishi walda, ba a goge shi da zarto. Na san gwanayen walda sun cika garin nan, Allah ya ƙara basira, amma wannan ba amalanke ba ce. Sabo, mai takardarsa. Sandar zare kuma a duba ta da gilashin ƙara girma, in akwai rami ko gefen zaren ya yi kaifi, ita ma ta bi shi, don tsohon zare yana cinye sabuwar tagulla. Kama ta, tura gaba, ja baya. Kun ga wasan nan? Rulman ƙarshenta ne ya gaji. Ɗora agogon awo ka karanta, kada ka auna da yatsa. Rulma da robobin tare mai duka sababbi, wannan ba a ciniki.

Mun haɗa. Shafa shuɗin awo, launin da ke nuna inda haƙora ke taɓa juna, a zaren, juya da hannu daga baki zuwa baki, ka buɗe ka gani. Tabon ya zauna tsakiyar haƙori. In ya karkata gefe, wani abu bai zauna daidai ba, sake kwancewa. Bulo kowane da kile mai awon ƙarfi, sannan wayar kulle, ta ja wajen ɗaurewa. Kai, na karkatar da wannan baibai, ba ni almakashin, a sake.

Mai. Mobil 636 ko wanda littafi ya ba da a madadinsa, wajen mililita 240. Kada ka je kasuwa ka ɗebo man giyar kamiyo, irin GL-5 ɗin nan, wasunsu na da ƙibiritu mai cin tagulla, ballantana da zafin watan Afrilu namu. Kuma kada ka cika shi maƙil don ƙauna, ta wajen manibel zai tsiyaye ya jiƙe shimfiɗar ƙasa. Lokacin hunturu a rufe bakin akwatin da tsumma mai tsabta ko da ruwa ka fita sha, ƙurar nan tana shiga mai ta zama kamar dutsen wasa. Mai irin wannan da robobin muna da su a nan, wanda ke buƙata ya leƙo.

Tunda moter na waje, a duba sharbonsa, 'yan gawayin nan da ke kai mishi wuta a ciki. Bayan an mayar, a haɗa wuta mai cikakken ƙarfi daga waje, don baturi mai rauni yana sa moter ya tsaya da wuri, awonka ya yi maka ƙarya. Manibel a ninke shi ya koma gidansa kafin a ba da wuta, in ba haka ba yana juyawa tare da moter ya karya yatsa. Naɗe, sauke, naɗe, sauke, kunne a kan akwati. Sannan a auna ƙarfin makullin kowace ƙafa da sikeli, makaniki mai lasisin ANAC, hukumar kula da jiragen sama ta Nijar, ya duba ya sa hannu a littafin jirgi.

Ƙane, ja maɓallin yanke wuta, ɗauko manibel. Juya sannu. To tsaya nan, nawa ka samu? Bai kai ba, kawo kile 'yar ƙarama mu matsar da maɓallin iyaka.