Kyan ɗan maciji: darasi a kan mesa mai rawar kai

Assalamu alaikum jama'a masu kallo, barkanmu da war haka. Daga nan Jos nake magana, kun dai ga rigar sanyi a jikina, hunturu ya kankama. Ƙanena ne ke riƙe da wayar, in kun ga hoton yana rawa to tsoro ne, har yau bai saba ba.

Masu rubuto mini cewa na zama gardi, a'a, ba ni da laya ba ni da asiri. Wannan da ke hannuna ƙaramar mesa ce, ba ta da dafi, in ta girma ƙwarai da kyar take wuce mita ɗaya da rabi. Turawa na ce mata mesar ƙwallo, domin in ta tsorata sai ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiya. Asalinta 'yar gida ce, ta Afirka ta Yamma, har da nan Najeriya, kuma daga Gana da Togo da Binin aka fi kwasarta zuwa Amurka da Turai. A can masu kiwo suka riƙa zaɓen masu baƙon launi suna haɗa su barbara. A 1992 wani Ba'amurke, Bob Clark, ya fara ƙyanƙyashe zabiyarta, daga nan kasuwa ta buɗe. Yanzu launukan sun fi gaban lissafi, kuma har sun fara dawo mana nan, ana tallarsu a Facebook da WhatsApp.

Ƙanena, matso kaɗan, ba za ta cije ka ba. Yauwa.

Ku dubi bayanta. Ta daji baƙi-baƙi ce mai manyan ɗigo ruwan ƙasa. Wannan kuwa kamar zinariya, da siraran layuka baƙaƙe kamar saƙar gizo-gizo, shi ya sa 'yan kasuwar ke kiranta sifaida, wato gizo-gizo da Turanci. Kyakkyawa ce, babu musu. To yanzu ku bar kallon fatar, ku kalli kan. Kun ga yadda yake karkarwa in ta miƙo shi? Ga shi ta karkatar da shi gefe. In ta ji ƙanshin ɓera ko ta firgita, har murɗa wuyanta take yi kamar ana murza igiya, wani lokaci ta kife kan tana kallon rufin ɗaki. Ni rawar kai nake ce wa abin, amma ba irin ta samarin Tamunus ba, wannan lalura ce.

Lokacin da na saye ta, mai sayarwar ya ce mini gajiyar mota ce, kwana biyu za ta ware. Ni ma da laifina, na yi cinikin biri a sama, hoto kawai na gani na tura kuɗi. Shekara uku ke nan ba ta ware ba, kuma ba za ta ware ba.

Ga dalili. Kowane hali da dabba ke gada yana da ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ƙwayar da ke zana wannan saƙar a fata, ita ɗin ce dai ke kawo rawar kan. Ba abu biyu ba ne da za a raba a ɗauki mai kyau a yar da mara kyau. Maciji ba shi da kunne a waje, amma yana da na ciki, kuma shi ke gaya masa ina ne sama ina ne ƙasa. A 2022 masu bincike a Jamus suka ɗauki hoton cikin kawunan irin waɗannan, suka tarar kunnen cikin bai ginu daidai ba. Ku tuna yadda muke hajijiya muna yara har mu zube, ƙasa na juya mana. Mu minti ɗaya ne ya wuce. Ita kuwa dabba ce mai iya shekara 20 zuwa 30.

Wani zai ce tasa sifaida ce amma ba ta yi. Tana yi, ba ka lura ba ne, ko nata kaɗan ne. Kuma wadda nata kaɗan ne tana iya haifar wanda nasa ya yi tsanani. In ka haɗa ta da namiji na asali, kusan rabin 'ya'yan za su gado ta. In ka haɗa sifaida da sifaida, ɗaya cikin huɗu zai ɗauko ƙwayar sau biyu, irin wannan kuwa yawanci a cikin ƙwai yake mutuwa. Dabbar da ke saka ƙwai wajen shida a shekara, ka jira kusan wata biyu a banza. Saboda wannan rawar kan ne wata babbar ƙungiyar masu kiwon irin waɗannan dabbobi a Ingila ta hana sayar da sifaida a bajekolinta a 2018.

Ba ita kaɗai ba ce. Cikin sauran launukan, waɗanda ake kira shamfen da woma su ma suna da rawar kan. Zabiyar karamel kan fito da kashin baya a lanƙwashe kamar an karya an ɗora ba daidai ba. Wadda ake kira ta hamada, matan ne ke shan wuya, ƙwai ya maƙale musu a ciki. Sinamon in ya zo sau biyu, baki kan fito a baje kamar na agwagwa.

In za ka saya, je ka da kanka. Ka bi bayanta da yatsa tun daga wuya har wutsiya, ka ji ko akwai ƙulli. Ka juya ta rigingine a tafin hannunka a hankali: lafiyayya nan take za ta kife da kanta. Bari ku ga wannan. Kun gani, tana ta lalube. To ya isa, yi haƙuri. Sannan ka tambayi iyayenta su wane ne, ka ce a ba ta abinci a gabanka. Mai sayarwa da ya ƙi, ka riƙe kuɗinka.

Mu 'yan Jos akwai abin da ya shafe mu musamman. Ba duk ɗaga kai ne na gado ba. Wannan dabbar zafi ce, gefe ɗaya na akwatinta yana son ɗumi wajen digiri 31 zuwa 32, mu kuwa a watan Disamba da Janairu kun san yadda asuba take. A ɗauke wuta cikin dare, akwatin ya huce, sai ciwon huhu. Alamarsa daban ce: tana buɗe baki, ga yauƙi, numfashinta na ƙara kamar fito. Wannan yana da magani, a garzaya wurin likitan dabbobi, kuma garin da ke maƙwabtaka da Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take, bai rasa su ba. Ni kwalbar ruwan zafi nake naɗewa da tawul in ajiye a gefen akwatin, kada dai ta taɓa jikinta kai tsaye.

Wanda ya riga ya mallaki irin wannan, kada ya yar da ita a daji. Ka rage ɗaukarta, ka cire mata reshe mai tsawo don faɗowa take yi, kwanon ruwa ya zama mara zurfi. Ɓera kuma mataccen za ka ba ta, domin mai rai in ta kai sara ta kuskure, shi zai cije ta.

Bari ma in nuna muku. Ƙanena, miƙo mini wancan dogon awartakin. Ga ɓeran, na ɗumama shi. Ku kalla da kyau. Ta kai, ta kuskure, iska ta sara. Sai in kawo shi daf da hancinta in tsaya cak. Yauwa, ta kama. Kashe wayar haka nan, ba ta son a tsaya mata a kai in tana ci.