Fodkas: Tudun zaki a filin yaƙin Waterloo

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Malam Nura ya dawo daga Beljiyam, har ya leƙa gidan tarihin yaƙin Waterloo. Malam, sannu da hanya.

Nura: Yawwa Hadiza. Matakala 226 na hau kafin na kai ga zakin ƙarfen da ke saman tudun. Sai da na yi nishi.

Isa: Gidan tarihin a can saman yake?

Nura: A'a, a ƙarƙashin ƙasa, gindin tudun. An buɗe shi a 2015, da yaƙin ya cika shekara 200. Ga kakin sojoji, ga bindigogin ɗure masu banati a baki. Kusa da shi akwai wani zagayayyen gini, zane ya kewaye bangon, mita 110. Ka tsaya a tsakiya, ko ina ka juya dawakin Faransa ne a sukwane.

Hadiza: To me ya ka da Napoleon, sarkin Faransa, a yaƙin nan ranar 18 ga Yuni, 1815?

Nura: Ruwa aka kwana ana yi. Taɓo ya hana jan igwa, bai fara kai hari ba sai wajen hantsi. Kafin ya fasa rundunar Wellington, kwamandan Birtaniya da ƙawayenta, sojojin Prussia, wata daular Jamusawa, ƙarƙashin kwamandansu Blücher sun iso sun kawo wa Wellington ɗauki.

Isa: Ai na ji Wellington ɓoye mutanensa ya yi.

Nura: Nan ne takaicin, Malam Isa. Bayan wani dogon jigawa ya kwantar da su don harsashin igwa ya wuce ta kansu. Ka je yau, ba za ka ga wurin yadda yake a da ba.

Hadiza: Ina ya tafi?

Nura: An kwashi ƙasarsa an tara tudun! Sarkin Holan, William na ɗaya, shi ya sa a yi, don a nan aka harbi ɗansa a kafaɗa. An gama a 1826.

Isa: Rauni kawai? Bai ma mutu ba?

Nura: Ya warke sarai, har ya gaji ubansa.

Hadiza: Ɗan sarki ke nan. Wanda zai je fa, ina za ka tura shi?

Nura: Gonar Hougoumont. A nan aka wuni ana gumurzu, kuma katangar lambun tana nan da kafofin da aka huda na harbi. Sai dai a tafi da takalmin da ba a tausayinsa in an yi ruwa.