Kod ɗin da ba a duba ba: laccar da aka yi wa matasa masu rubuta manhaja a Yamai

An rubuto wannan jawabi daga muryar da aka naɗa, an cire gaisuwar farko da tsayawar da aka yi lokacin da wuta ta ɗauke.

Ƴan uwa, maza da mata, a ɗakin nan wa ya taɓa danna amincewa a kan canjin abokin aikinsa alhali bai karanta ba? Na ga hannu uku. To, magana ta yau a kanta take.

Bitar kod, wato wani ya karanta umarnin da ka rubuta wa kwamfuta don neman kuskure, ba sabon abu ba ne. Tun 1976 Michael Fagan na kamfanin IBM ya wallafa tsarin da ake zama tare, a bi kod layi-layi, a rubuta kowane kuskure. A 2005 Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, shafin GitHub da ake ajiye kod a yi aiki tare ya biyo baya a 2008, aikin ya koma kan allo: ka yi canjinka a reshe, wato kwafin kod na gefe, ka tura buƙatar haɗewa, wadda kuka saba kira pul rikwes, wani ya duba kafin a zuba shi cikin uwar manhaja. Kayan aiki sun yi sauƙi ƙwarai. Sai dai har yanzu mutum ne zai zauna ya karanta.

Ku ɗauki ɓarakar tsaron da ake kira Heartbleed. A ƙarshen Disamban 2011 aka shigar da wani ɗan canji cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin shafukan intanet masu ɗimbin yawa. Kwamfuta kan aiko da saƙo ta ce a mayar mata da shi, ta faɗi tsawonsa. Kod ɗin bai bincika ko tsawon da aka faɗa gaskiya ne ba. Sai mugu ya aiko da haruffa kaɗan ya ce dubbai ne, uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta kwaso masa abin da ke maƙwabtaka a ma'ajiyarta, har kusan kilobait 64 a karo ɗaya, wani lokaci da kalmomin sirrin mutane a ciki. Mutum ɗaya ne ya duba canjin, ya wuce masa. Sai Afrilun 2014 duniya ta sani. Ban kawo wannan don zargin kowa ba, ƙwararru ne masu aikin sa kai. Na kawo shi ne don ku ga cewa layin da ya ɓace ya fi wuyar gani a kan layin da aka rubuta ba daidai ba.

Yanzu mu dawo gida, don a nan damuwata take. Mun taso da kunya da girmama na gaba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma idan ta hana ƙarami ya ce wa babba "Yaya, ban gane wannan layin ba", ta cuci aikin. Mun taɓa rubuta wa wasu ƴan kasuwa manhajar lissafin bashi. Ni na rubuta gurbin shigar da farashi, da sefa. Wata ɗaliba da ke koyon aiki a wurinmu, watanta biyu kacal, ta rubuto a ƙarƙashin layin: "Malam, idan mai shago ya rubuta 100, dala ɗari yake nufi ko faran ɗari?" Mahaifiyarta tana da rumfa a kasuwar Wadata, ta san cewa a bakin ɗan kasuwa ɗari na nufin dala ɗari, wato faran 500. Da ta yi shiru don kunya, da kowane bashi ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin biyar, kuma babu gwajin na'ura da zai kama shi, don lissafin kansa daidai yake. Ranar muka ƙara rubutu a gefen gurbin, muka sa manhajar tana nuna kuɗin ta fuska biyu.

Shi ya sa nake roƙon shugabannin ƙungiyoyi: ku fara tura naku kod ɗin ga yaranku su duba, a gaban kowa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai duba kuma ya yi magana da kod, ya bar mai kod. "Me zai faru idan suna ya zo da ɗ ko ƙ?" ya fi "ba ka iya ba". Tambayar ma ba ta wasa ba ce, na sha ganin sunan Ɗanladi ya fito da alamar tambaya a kan rasit.

Sannan ku rage girman canji. Wanda ya turo layi dubu biyu da yammacin Alhamis, ga zafin Afrilu, ga batirin kwamfuta na ƙarewa, sa hannu kawai zai samu. Ku yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace da bayanin dalilinta. Zancen tazara da tsarin rubutu kuwa ku bar wa na'ura ta gyara, kada ya cinye muku lokaci.

Wani daga baya ya tambaya: idan mu biyu ne kaɗai a kamfanin fa?

Ɗan uwa, ku biyun kun isa. Ku sa doka a GitHub ko GitLab cewa babu mai haɗa canjinsa sai ɗayan ya amince. Idan intanet ta yanke, ja kujerarka kusa da tasa, ka karanta masa canjin da baki, shi kuma ya riƙa tambayarka dalilin kowane layi.