Waƙoƙin direbobin tirela na Amurka da aikin da ke cikinsu

Assalamu alaikum jama'a. Yau ina magana da ku daga Iowa 80, zangon manyan motoci da ke Walcott a jihar Iowa. Ku dubi tirelolin da ke jere a bayana. Ƙirga tayar guda ɗaya: 2 a gaba, 8 a ƙarƙashin kan motar, 8 a bayan bodi, jimla 18. Shi ya sa in mawaƙin kantiri, wato salon waƙar karkarar Amurka, ya ce "mai taya 18", kowa ya san tirela yake nufi.

A gida Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa. To a nan babu karen mota, direba shi kaɗai yake kwana yana tashi a hanya, rediyo ce abokiyar hirarsa. Mawaƙi Ted Daffan ya lura direbobi na shiga gidan abinci sai su nufi injin faifai da ake sa wa kuɗi ya yi waƙa, sai ya rubuta "Truck Driver's Blues", Cliff Bruner ya fitar da ita a 1939.

Amma wadda nake so mu tsaya a kanta ita ce "Six Days on the Road" ta Dave Dudley, 1963, domin kusan kowane baiti aiki ne na gaske. Direban ya ce lodinsa ya ɗan zarce ƙa'ida, yana kauce wa sikelin da hukuma ke auna nauyin motoci a hanya. Yau iyakar da gwamnatin tarayya ta sa fam 80,000 ne, wajen tan 36, kuma layukan tayoyi biyu na baya kada su wuce fam 34,000. Kana iya zama daidai a jimla amma sikeli ya kama ka, saboda kaya sun taru a wuri ɗaya. Maganinsa a zame tayoyin baya gaba ko baya har nauyi ya rabu. Direban waƙar ya kuma ce littafin da yake rubuta awoyin tuƙinsa ya yi baya. A da da biro ake cikewa, ana iya yin coge. Tun Disamba 2017 na'ura ce ke ƙirgawa: tuƙi awa 11 cikin awa 14, sannan hutun awa 10. Ƙwayar hana barci da ya ambata kuwa, yau gwajin fitsari ake yi, ta raba mutum da aikinsa.

Akwai abu ɗaya a waƙar da nake roƙon duk direba kada ya kwaikwaya: cire giya a gangare a bar mota a firi don ta ƙara gudu. Da ka cire giya, inji ya daina riƙe motar, nauyin duka ya koma kan birki. Birki ya yi zafi, ka taka ka ji ba ya kamawa, giyar kuma ta ƙi shiga saboda gudu ya yi yawa. Tun kafin ka fara sauka ake sa ƙaramar giya.

Red Sovine salonsa daban, ba ya rerawa, labari yake bayarwa a kan kiɗa mai sanyi. "Phantom 309" ta 1967 labarin direban da ya sadaukar da ransa don kada ya bi ta kan motar 'yan makaranta. "Teddy Bear" ta 1976 kuwa yaro ne gurgu da mahaifinsa direba ya rasu, ya ɗauki oba-obar uban yana kiran direbobi, suka yi layi a ƙofar gidansu suna ɗaukarsa yawo. Wallahi tana taɓa zuciya.

Sai "Convoy" ta C.W. McCall, 1975. Bayan tsadar mai ta 1973, a 1974 aka ƙayyade gudu mil 55 a awa, wajen kilomita 89. Direban da ake biya bisa yawan mil, wannan ragin kuɗinsa ne kai tsaye. Sai suka riƙa tafiya a ayari, na gaba yana sanar da na baya ta oba-oba inda 'yan sanda suka laɓe. A tasha ta 19 ta oba-obar ake haɗuwa, kuma har yau in ka murɗa can za ka ji su. Ku biyo ni ciki, akwai gidan tarihin tsofaffin motocin a nan gefe.