Ta Wace Ƙofa Ya Shiga Asibiti? Lacca Kan Kwantar da 'Yan Ci-rani Masu Taɓin Hankali Bisa Tilas

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa huɗu nake so mu taɓa yau, in lokaci ya bari.

Ciwon da muke magana a kai shi ne nau'in taɓin hankalin da ke raba mutum da zahiri. Ya riƙa jin muryoyin da ba wanda ke jin su, ko ya haƙiƙance ana bibiyarsa, an dasa masa na'ura a ɗaki, maƙwabta sun haɗa masa baki. Yawanci yakan ɓullo ne daga ƙarshen samartaka zuwa wajen shekara talatin, kuma shekarun farko su ne masu tsada, don yadda aka tarbi mutum a lokacin yakan bi shi har gaba.

Na farko, ciwon ya fi yawa a cikin baƙi. Wannan ba sabon zance ba ne. Tun 1932 wani likita ɗan Norwe, Odegaard, ya gano cewa 'yan ƙasarsu da suka yi ƙaura zuwa jihar Minesota a Amurka sun fi waɗanda suka zauna gida kamuwa. Farare ne fa, ku riƙe wannan. A 2005 wasu masu bincike biyu, Cantor-Graae da Selten, suka tattara bincike-binciken da aka yi, suka ga haɗarin ya kusa ninki uku ga wanda ya yi ƙaurar, ga 'ya'yansa da aka haifa a can kuma ya haura ninki huɗu. Da aka je Jamaika da Tirinidad da Babados aka ƙirga, ba a sami wannan hauhawar ba. Ke nan ba a jini abin yake ba. Zaman baƙunta ne, da wariya, da kaɗaici, da talauci. A kudancin Landan da birnin Heg na Holan ma an ga cewa unguwar da mutum ba shi da 'yan'uwa da yawa a cikinta, nan haɗarin ya fi.

Amma ba wannan ya kawo ni ba. Na biyu ne ya kawo ni, wato ƙofar da mutum ke bi ya shiga asibiti.

A ɗauki matasa biyu a Ingila, ciwo iri ɗaya, shekaru ɗaya. Na farko mahaifiyarsa ta lura ya daina barci, ya daina fita, yana magana shi kaɗai. Ta kai shi wurin likitan iyali, wanda ya san shi tun yana ƙarami. Likita ya tura shi ga ma'aikatan da ke kula da masu sabon kamu, suka zo har gida, aka zauna a falo, aka fara magani. Wataƙila ma bai kwana a asibiti ba. Na biyu kuwa, mahaifiyarsa ita ma ta lura, uwa ai ba ta rasa ganewa. Sai dai takardun zamansu ba su gama fitowa ba, Turancinta bai nuna ba, kuma ta ji labarin ɗan wance da aka kai asibiti ya dawo jikinsa ya sandare, yawu na zuba. Sai ta yi shiru, ta dage da addu'a, tana cewa zai wuce. Wata shida, wata takwas. Ran nan ƙarfe biyu na dare ya fita titi ba takalmi yana ihu, maƙwabci ya buga wa 'yan sanda waya. Suka zo, ya ga kaki, abin da muryoyin ke gaya masa tun tuni ya tabbata a idonsa, ya zabura zai gudu, aka danne shi, aka sa masa ankwa. Likitan da zai fara ganinsa a rayuwa zai gan shi ne tsakanin 'yan sanda biyu, rigarsa a yage. Me kuke jin zai rubuta? Zai rubuta mai haɗari ne. Wannan rubutun kuma zai zauna a fayil ɗinsa, duk wanda ya buɗe shi bayan shekara goma da shi zai fara cin karo.

Ciwo ɗaya fa, jama'a. Ciwo ɗaya. Ƙofa ce ta bambanta.

Wannan ba ƙirƙira ba ce. Wani bincike mai suna AESOP da aka yi a Landan da Notingham da Biristol daga 1997 zuwa 1999 ya bi masu kamun farko, ya ga baƙaƙen fata 'yan asalin Karibiyan da Afirka sun fi shigowa ta hannun 'yan sanda da kotu, ba su cika zuwa ta hannun likitan iyali ba, kuma sun fi fuskantar kwantarwa bisa tilas. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Ingila ta 1983 ta ba ɗan sanda ikon ɗauke mutum daga bainar jama'a a ƙarƙashin sashe na 136. Sashe na 2 ya yarda a riƙe shi har kwana 28 don a duba shi, sashe na 3 kuma har wata shida don magani, ana iya sabuntawa. Alƙaluman hukumar lafiyarsu shekara da shekaru suna nuna baƙar fata ya fi farar fata fuskantar wannan tsarewar wajen ninki huɗu. A Kanada ma, a lardin Ontariyo, inda likita ke iya cike fom a riƙe mutum awa 72, an bi bayanan matasa masu sabon kamu aka ga baƙin da suka zo daga Afirka da Karibiyan sun fi sauran jama'a kwanciyar tilas.

Kuma tsoron wannan uwar da na ba ku misali, kada wani ya ce jahilci ne. A 1998 wani baƙar fata, David Bennett, ya mutu a wani asibitin ƙwaƙwalwa a Norwic bayan ma'aikatan jinya sun danne shi rub da ciki na wajen minti 25. A 2010 Olaseni Lewis, shi ma baƙar fata, ɗan shekara 23, wanda da ƙafarsa ya je neman magani, 'yan sanda goma sha ɗaya suka taru a kansa a asibitin Bethlem da ke Landan, bayan 'yan kwanaki ya cika. Iyalinsa ba su bar maganar ba har sai da aka yi doka a 2018 da ta wajabta wa asibitoci rubuta duk lokacin da aka yi amfani da ƙarfi. Irin waɗannan labaran suna yawo gida-gida. Iyali na tsoron asibiti, sai su makara. Sun makara, sai ciwo ya yi tsanani. Ya yi tsanani, sai a zo da ƙarfi. Ma'aikata kuma su ce ai dama irin waɗannan mutanen haka suke zuwa, su ma su tsorata, gobe su fi saurin kiran 'yan sanda. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi, to a nan ɓangarorin biyu duk gudu suke. Tun 2002 wata cibiya a Landan, Sainsbury, ta fitar da rahoto kan wannan zagayen tsoron.

Na ga takardarka, ranka ya daɗe mai kula da lokaci, tun ɗazu kake ɗaga ta kamar mai tsayar da mota. [dariya] Bari in yi sauri.

Na uku, wato tsoro... na ma riga na shiga shi, to mu ce na huɗu. Dalilan da ake bayarwa. Wasu su ce wiwi ce, wasu su ce sun fi faɗa, wasu su ce ba sa yarda suna da ciwo. Wiwi mai ƙarfi tana ƙara haɗarin ciwon, gaskiya ne, kowace fata. Amma a 2019 wata mai bincike, Barnett, da abokan aikinta suka tattara bincike daga ƙasashe da dama a mujallar Lancet ta likitocin ƙwaƙwalwa, suka tabbatar da bambancin, sannan suka ga kusan rabin binciken ko dai ba su kawo dalili ba, ko sun kawo wanda ba su gwada ba. Kowa na kwafar na gabansa. Ga kuma rashin tafinta. Mutum ya ce Allah na tare da ni yana shiryar da ni, likitan da bai san yadda mutanensa ke magana ba ya rubuta ruɗani ne. Batun magani na dole a gida da aka shigo da shi a Ingila a 2008, gwajin da aka buga a 2013 ya nuna bai rage komawa asibiti ba, amma wasu shekarun baƙaƙen fata sun fi farare shiga cikinsa fiye da ninki goma.

Na'am, Hajiya? A miƙa mata abin magana.

[Tambaya: Malam, ƙanena yana Ingila, yaronsa ya fara irin wannan. In ya ɗauki wuƙa fa, kana nufin kada a kira 'yan sanda?]

A'a, Hajiya, ban ce haka ba, kuma na gode da kika tsayar da ni a nan. In rai na cikin haɗari a kira, kuma akwai waɗanda kwantarwar tilas ta ceci ransu. Abin da nake jaddadawa shi ne watannin da suka gabaci wuƙar. Allah ya ba shi lafiya. Ki gaya wa ƙanen naki gobe, ba jibi ba, ya kai yaron wurin likitan iyali ya faɗi abin da ya gani dalla-dalla: kwana nawa bai yi barci ba, me yake cewa, yaushe ya daina cin abinci da mutane. Ya nemi a tura shi ga ma'aikatan sabon kamu, don tun 2016 ƙa'idar Ingila ita ce a fara kula da irin wannan cikin mako biyu. Ya nemi tafinta, kada a sa ƙaramin yaro a gida ya yi fassarar. In kuma har ta kai an riƙe shi a sashe na 2, yana da damar ɗaukaka ƙara gaban kotun musamman cikin kwana 14 na farko, yana da damar samun mai kare muradunsa wanda ba ma'aikacin asibitin ba ne, kuma dokar 1983 ta ba dangi mafi kusa murya, har yana iya ƙin yarda a sa shi a sashe na 3. In yaron ya samu sauƙi, su zauna da likitansa a rubuta abin da yake so a yi masa in ciwon ya dawo, wane magani ya karɓe shi, wa za a fara kira. Ki same ni bayan an tashi in rubuta miki waɗannan a takarda.