Yadda Malaman Japan Ke Binciken Darasinsu da Kansu

Shiga wata makarantar firamare a Japan, za ka iya tarar da malami yana koyarwa, yara na zaune, wasu malaman kuma sun jeru jikin bango, kowa riƙe da takarda da biro. A wajenmu da an ce sufetoci sun zo. Can kuwa abokan aikinsa ne, kuma tare suka tsara darasin da yake koyarwa.

Wannan al'ada suna kiranta jugyo kenkyu, wato nazarin darasi, kuma tushenta ya koma shekarun 1870, lokacin da Japan ke kafa makarantun zamani.

Malamai ne ke zaɓar abin da ke ba yaransu wuya. A ce lissafin aji ɗaya: 13 a cire 9. Sai su yi makonni suna zama a kan darasi guda. Me ya sa 9, ba 4 ba? Saboda 9 na dab da 10, yaro zai iya cire 9 daga 10, saura 1, ya haɗa da 3, ya samu 4. Wani yaron kuma zai fara cire 3, ya dawo 10, sannan ya cire 6. Wani da yatsu zai ƙirga. Duk waɗannan amsoshi ana hasashensu, a rubuta su cikin tsarin darasi tun kafin a shiga aji, har da abin da malami zai ce idan yaro ya kauce.

Ranar darasin, masu kallo ba sa sa baki. Littattafan yara suke leƙawa, suna rubuta wa ya yi me. Bayan an tashi sai a zauna, wanda ya koyar ya fara magana, sauran su kawo abin da idonsu ya gani. Sau da yawa akan gayyato malamin jami'a ko wani gogagge ya rufe zaman.

To ina hedimasta a ciki? A ganina nan ne gizo ke saƙar. Shi ke ware lokacin zaman a jadawali, shi ke tabbatar da cewa abin da aka gani ba zai koma fayil ɗin malami ya zama laifi ba. In babu wannan, wa zai yarda ya buɗe ƙofar ajinsa?

Duniya ta waiwayi wannan al'ada bayan binciken bidiyo na 1995 na TIMSS, shirin da ke auna ilimin lissafi da kimiyya na ɗaliban ƙasashe daban-daban. Binciken ya kwatanta darussan lissafi na Japan, Jamus da Amurka. JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, ta kai tsarin Zambiya a 2005. A Najeriya kuma, shirin SMASE na horar da malaman lissafi da kimiyya, wanda JICA ta tallafa wa, ya fara a 2006 a jihohin Kaduna, Neja da Filato. Sai dai bitar da ake tara malamai a yi musu lokacin hutu daban take da zaman cikin makaranta, wanda ke buƙatar hedimasta ya samo wanda zai riƙe sauran azuzuwa yayin da malamansu ke tsaye a ajin abokin aikinsu.